Karen Bariki da Rawanin Aro

Wani ne a wani ƙauye can gefen Tsanyawa, zamanin Turawa, lokacin da gyaɗa ke tashe. Ku bar dariya tukuna, ai ban fara ba.

Mutumin nan ya kai gyaɗarsa wurin awo, sai ya tarar Baturen awon ya koma ƙasarsu, ya bar wa kukunsa kare. Kare fa, ba irin namu masu bin juji ba. Ƙato, baƙi wuluk, kai kamar turmi. Sunansa Saje. Gogan naka na ganinsa ransa ya biya. Ya ba kuku ɗan akuya, ya jawo Saje gida yana hura hanci.

Wajen gadi kam ba a magana. Tun da Saje ya zo, ko kazar maƙwabta ba ta sake leƙa rumbunsa ba. Illarsa ɗaya: a bariki ya tashi. Duk wanda ya yi sallama cikin babbar riga, ya shiga uku. Amma ran da duba-gari ya zo leƙa randuna da ɗan gajeren wandonsa na kaki, Saje kwanciya ya yi yana kaɗa wutsiya. Mutumin ya dubi jama'a ya ce, "Kun gani? Karena ma ya san hukuma."

Ana nan sai matarsa Hure ta haihu. Namiji, ɗan fari, bayan shekara tara ana jira. Murna kamar ya taka rawa a kan danga.

Khalilu wanzami ya zo duba jariri. Saje ya raka shi har bakin rijiya, zabira a gabas, ƙaho a yamma. Kashegari liman, Malam Abdussalam, ya zo barka. Ya ce, "Salamu alai..." Bai kai "kum" ba ya tsinci kansa a kan rumbu. Dattijo mai shekara saba'in! Har yau ba a san yadda ya hau ba. Saje kuwa ya juya ya hau lasar butar Malam, a gaban idonsa.

Daga can sama liman ya ce, "Kai! Muddin wannan ja'irin na gidan nan, ƙafata ba ta sake takowa. Ka nemi mai raɗa wa ɗanka suna!"

Khalilu ma ya aiko cewa askin suna sai dai a yi da lauje.

Tirƙashi! Saura kwana uku suna. An ɗaure rago, goro ya iso, an aika wa dangi har Bacirawa. A ce an taru ba liman ba wanzami? Wannan abin gori ne har jikoki. Amma rabuwa da Saje, gara a cire masa haƙori.

Ya garzaya wurin kuku. Kuku ya gyara hula ya ce, "Ai Bature ba ya dukan kare, horo yake masa. Ka sa riga kamar baƙo, ka yi sallama. In ya yi shiru ka jefa masa nama. Sau uku, shi ke nan ya saba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Shi kuwa ba shi da babbar riga sai ta suna. Ya je aro wurin Khalilu. Khalilu bai yi musu ba. Ya ɗauko ainihin rigar da ya yi tsere da ita, ko wanki ba ta gani ba, ya haɗa masa da rawani, yana murmushin mugunta. Ya ce, "Allah ya ba da sa'a."

Da hantsi gogan ya shiga ɗakin mai jego ya ce, "Hure, ki saurara. Yau ni baƙo ne."

"Baƙo kuma? Daga ina?"

"Ke dai ki ji. Karen nan wayo gare shi. In ya ji a muryarki kin san ni, horo ya lalace. Ko zan yi ihu, ko zan ce ni ne, ki yi mini yadda kike wa baƙo. Rantse."

"Ni dai ba na son rantsuwa ina cikin jego."

"Rantse mana!"

Ta rantse.

Ya zagaya bayan gida, ya zurma riga, ya naɗa rawani har da amawali, idanu kawai a waje. Ya cusa tsire a aljihu. Ya zo ƙofar zaure yana tafiyar manya, ya yi gyaran murya irin ta liman.

"Salamu alaikum!"

Jama'a, abu uku Saje ya samu lokaci ɗaya: ga babbar riga, ga muryar liman, ga warin wanzami. Ai ko haushi bai tsaya yi ba.

Mutumin ya cika wandonsa da iska. Suka zagaya rumbu sau huɗu, suka ratsa turken rago, rago ya tsinke ya bi su. Da ƙyar ya dafe ɗorawar ƙofar gida, tsire na zuba daga aljihu. Saje ya tsince tas, ya lashe baki, ya zauna a gindin bishiya yana jiran ƙari.

"Hure! Hure! Zo ki kama karen nan!"

Daga cikin gida ta ce, "Wa ke sallama?"

"Ni ne!"

"Kai wa?"

"Maigidan!"

"Maigidan ba ya nan."

"Ke! Ni ne mijinki! Na fasa horon!"

"A'uzubillahi! Malam, ka ji tsoron Allah, ni matar aure ce."

"Hure, don girman Allah!"

"In saƙo ne ka bari, in ya dawo a faɗa masa."

Wayyo! Rana ta take, tururuwa ta samu hanya cikin rigar aro. Mutanen gari suka yi cirko-cirko daga nesa, masu dawowa daga gona suka ajiye fartanya, mata na leƙe ta kan danga. Ba mai matsowa.

Gogan ya ce bari ya buɗe fuska karen ya gane shi. Ya warware rawani ya jefar. Saje ya cafe, ya yi ta kokawa da shi yana birgima, har rawanin ya naɗe masa kai da wuya, kunne ɗaya a waje. Ya koma ya zauna, ya ɗaga kai yana gurnani, don har yanzu rigar na nan.

Mutumin ya tuɓe rigar ya jefar. Saje ya mai da ita tsumma. Khalilu, da ke can cikin 'yan kallo, murmushinsa ya ɗauke. Gogan ya tuɓe taguwa. Tururuwa ta matsa, ya zare dogon wando ma ya wurgar. Ya rage daga shi sai ɗan guntun wando iya cinya.

Ikon Allah! Saje na ganin gwiwoyi a waje, sai ya kwanta, ya kwantar da kunne, wutsiya na share ƙasa.

Mutumin ya sauko a hankali. Ya taka ɗaya, shiru. Ya taka biyu, kare ya zo yana lasar ƙafarsa. Sai ya daka tsalle, ya manta da yadda yake, ya nufi jama'a da gudu, Saje na biye da rawaninsa yana jan jela a ƙasa. Mata suka nutse bayan danga suna salati.

Daidai nan liman ya fito zai tafi sallar azahar. Gogan ya tare shi, yana haki yana washe baki.

"Malam! Malam, albishirinka! An samu magani! Ashe ba ku yake ƙi ba, kayanku ne. Ranar suna kai da Khalilu da sauran dattawa ku zo haka, kamar yadda nake. Wallahi ko tari ba zai yi muku ba!"

Liman ya dube shi daga sama har ƙasa. Ya dubi gwiwoyin. Ya juya ya dubi Saje zaune ɗaram cikin rawani. Ya ja carbi sau uku, ya ce:

"Ni kam na yi murabus. Tunda ka riga ka naɗa wani, ga shi nan, shi ya raɗa sunan."