Irin Kabewar Marigayiya

"Lafiya lau, sai dai ciwon gwiwa. Ke kuma daga wane rami aka tono ki?"

Tsohon ya ƙare wa jikarsa Malama kallo, takalmanta duk laka. Ita ce ta mayar da jujin bayan makarantarsu lambu, ba takin zamani ba feshi, sai ɓawon kayan miya da kashin awaki. Dokarta ɗaya: yaro ba ya shuka iri sai ya ba da labarin mai irin. In amfani ya nuna a dafa, unguwa ta ci. Ya kuwa san abin da ya kawo ta: 'ya'yan kabewar marigayiya matarsa, da ya rufe a kwalba ya hana kowa.

"Daga aiki nake, angona. Wasu kam har wanka sun yi wa ritaya."

"Aiki? An ba ki alli kin koma kwasar kashin awaki! Na sake ki."

"Da wannan bakin ba haƙori za ka samu wata?"

"Zawarawa layi suke yi mini."

"Layin kallon kayan tarihi dai. Ba ni kwalbar."

"Kunnena ya toshe."

"Jiya fa ya ji an buɗe tukunya a maƙwabta."

"In ba wa 'yan ɓarnar ɗaliban nan naki irin matata ta gaskiya? Su watsar?"

"Ai sun fi ka saninta. Na ba su labarin yadda take raba kabewa gida-gida, kai kana biye kana mita. Sun gyara mata wuri, sun zuba taki, sun hana a shuka komai a ciki." Ta sassauta murya. "Iri in ya daɗe a kwalba mutuwa yake yi, Kaka. Bana zai iya tsirowa, baɗi ban sani ba."

Kewar matarsa ta taso wa tsohon, kuma wallahi yarinyar nan mai bakin tsiya ta burge shi. Ya lallaɓa ɗaki ya fito yana goge kwalbar da bakin rigarsa.

"Ungo, ɓarauniya. Amma sharri kika yi mini, ban taɓa mita ba."

"To zo ka gyara da bakinka."

Ya fashe da dariya. "Miƙo mini sandata. Wa kike zaton yake ɗaukar mata kwandon?"