Ranar da Na Sa wa Molo Mataki

Ba zan taɓa mantawa ba da la'asar ɗin da na fito da rarrafe daga ƙarƙashin wani katako a ƙofar gidan babban mahauci a Sakkwato, jama'a na riƙe da ciki don dariya. Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai, amma wannan ya ƙi tafiya. Na gaji da ba da labarin, mutane ne dai ba su gaji da tambaya ba.

Ni masaƙi ne. Wana Ummaru kuwa makaɗin molo ne, ya gaji mahaifinmu a sana'ar, ya gaji har molonsa. Shekara da shekaru shi ke yi wa gidan babban mahaucin nan, Maigida Ɗan Ige, kiɗa, ko suna ko biki, da nan yake ci da iyalinsa. To a lokacin nan da Turawa ba su daɗe da shigowa ba, suna ta kafa sandunan wayar tangaraho, sai wani mai kalangu daga Wamakko ya fara zarya gidan. Kalangu kuwa kun san shi, a matse shi muryarsa ta sirance, a sake shi ta yi kauri. Samarin mahauta suka koma wajensa kaf. Aka fara cewa bikin ɗan maigidan da ke tafe shi zai raba gardama, wanda ya fi burge Ɗan Ige shi zai riƙe gidan.

Ina zaune ina saƙa, ina taka mataki zare na hawa yana sauka, sai shaiɗan ya kawo mini dabara. (Na ce shaiɗan ne don in rage wa kaina kaya, amma ni ne dai.) In ƙafa na iya ɗaga zare, me zai hana ta ja tsirkiyar molo, muryarsa ta hau ta sauka kamar ta kalangu?

Na je na faɗa wa Ummaru. Ya dube ni ya ce:

"Molon Baba kaka son ka ɗaure ma igiya?"

"Yaya, kwana bakwai kawai ka ba ni."

Da ba ya cikin fargaba da bai ko saurare ni ba. Ya miƙo mini shi da hannu biyu.

Kwana bakwai ya zama ashirin. Na sassaƙa katako mai ƙafa huɗu, na kwantar da molon a kai rigingine, na ɗaure. Na samo guntun wayar da leburorin Turawa suka yar, maƙeri ya lanƙwasa mini bakinta. Na maƙala gefe ɗaya a zoben fatar da ke riƙe da doguwar tsirkiya, ɗayan gefen na bi da shi ta kan wani ɗan icce mai juyawa zuwa mataki a ƙasa. Ƙerawar ba ta ba ni wuya ba, daidaitawar ce ta ci raina. In matakin ya nutse da yawa murya ta wuce wuri, in ya nutse kaɗan ba a jin komai. Sai na sa guntun kara a ƙarƙashinsa ya zama iyaka, ina yanke shi kaɗan kaɗan da aska har muryar ta tsaya inda ake so. Na yi niyyar in sassaƙa icce mai ƙarfi daidai tsawonsa in musanya. Kullum sai in ce gobe.

Gaskiya dai abin ya yi daɗi. A zaure Ummaru ya kaɗa a hankali, yana taka matakin kamar mai tsoron ƙaya, molon ya yi wata irin sheshsheƙa mai ratsa jiki, har matarsa ta leƙo. Rabon da in ga murmushinsa an yi watanni.

Ranar biki na ɗauko abin a ka kamar makara, har wata tsohuwa ta tambaye ni wa ya rasu. Mai kalangu ya fara, ya yi nasa, an yaba. Sai Ummaru ya zauna a kan turmi ya soma. Takun farko wurin ya yi tsit. Na biyu sai guɗa daga cikin gida. Ɗan Ige ya gyara zama. Ni kuwa ina bin mutane ina taɓa kafaɗunsu ina cewa aikina ne. (Har wanda bai tambaya ba na faɗa wa. Musamman ma wanda bai tambaya ba.)

Daga nan ya shiga kirarin gidan, kiɗa ya yi zafi, ya lumshe ido. Ashe wana in kiɗa ya kai masa karo, da ƙafar dama yake buga ƙasa, bugu kuwa ba na wasa ba. Ya manta da akwai mataki. Ya sauke diddige, na ji karan nan ya ce ƙaras. Matakin ya kai ƙasa, tsirkiya ta ƙwala wani ihu irin na ɗan akuyan da aka kayar. A gaban mahauta fa, mutanen da ba su da kukan da suka sani kamar wannan. Wani daga baya ya ce, "A kawo wuƙa mana, kar shi mutu mushe."

Dariya ta ɓarke. Na kutsa ƙarƙashin katakon da rarrafe don in sassauta wayar, na cafke ƙafar wana ina cewa, "Yaya, ɗaga." Shi kuma ido a rufe ya ji an kama shi, ya zabura ya sake takawa da duk ƙarfinsa. Wayar ta fizgi sandar molon, fatar da Baba ya ɗora da hannunsa ta yage tun daga sama har ƙasa.

Ɗan Ige bai yi dariya ba, shi ne ma abin da ya fi ciwo. Ya aiko da goro biyu, ya ce, "Ummaru, ka wahala, tahi ka huta." Mai kalangu ya ci gaba da kiɗa, kuma shi ya riƙe gidan har maigidan ya rasu.

Ummaru ya kwance molon ya naɗe a babbar rigarsa, muka kama hanya. Ina ta jira ya zage ni, wallahi da zagin ya fi mini sauƙi. Sai da muka kai ƙofar gida ya ce, "Bar damuwa, ƙanena. Ƙahwata ta yi laihi, ba kai ba." Daga baya ya koma kiɗa a bakin kasuwa, a kan tabarma, ya tanƙwashe ƙafar nan ya zauna a kanta har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da na koya ba shi da yawa. In za ka gyara wa mutum kayan sana'arsa, fara zama ka kalli yadda yake yin ta. Na kwana ashirin ina auna kara da aska, amma shekara talatin ina zaune gefen wana yana kiɗa, ban taɓa duban ƙafarsa ba.