Yadda Za Ka Ɗora wa Bairos Laifin Ƙona Furen Matarka

Ɗan'uwa, share gumi ka zauna. In ka bi matakan nan ba tare da ka tsallake ko ɗaya ba, na ba ka tabbacin za ka fita fes, har a yi maka sannu da ƙoƙari.

Ga halin da kake ciki. Matarka ta tafi wajen ƙanwarta da ta haihu, ta bar maka amanar furanninta na okid, masu kaurin ganyen nan da saiwoyi a waje kamar yatsu. Ta ce, "Abban yara, kada ka motsa su daga tagar kicin." Kai kuwa ka ga tsiro a ɗaki kamar ɗan kurkuku, tausayi ya kama ka. Ka ɗauki babbar, mai farin fure, wadda marigayiya mahaifiyarta ta bar mata, ka kai ta baranda ta sha rana, ka tafi aiki. Ka dawo ka tarar ganye ya yi dabbare-dabbare, rawaya a gefe, baƙi a tsakiya. Gobe take dawowa.

Mataki na ɗaya: Mayar da tukunya inda take

Daidai inda take, a kan tabon da gindinta ya bari. Sannan ka goge baranda. Kada ka wanke dukan gidan, namiji mai yawan shara ranar dawowar matarsa ya riga ya amsa laifi.

Mataki na biyu: Nemo cuta mai kwarjini

Ɗauki waya ka shiga bincike. Kada ka zaɓi ƙwari, za a ce ka nuna su. Kada ka zaɓi ruɓewar saiwa, mai ba da ruwa ake tuhuma, kuma kai ne mai ba da ruwa. Zaɓi bairos, ƙwayar cutar nan mai yaɗuwa. Alamunsa tabo ne, ko zane-zane, ko zobe a ganye, ko launin fure ya dagule, wani lokacin ma babu alama ko ɗaya. Kai, kusan duk abin da okid ya yi ana iya cewa shi ne. Masana kuma sun ce ido kaɗai ba ya tabbatar da shi, sai an yi gwaji. To ka samu mafaka. Cutar da ba a gani ita ce aminiyar mai laifi.

Mataki na uku: Samo ƙwararre

Kira abokinka mai kemis. Zai ce, "Malam, ni fa mutane nake sayar wa magani."

Ka ce, "Amma zai iya zama bairos?"

Zai ce, "Komai ma ai zai iya zama."

Kashe wayar nan take. Daga yanzu sunan wannan magana "na tuntuɓi masana".

Mataki na huɗu: Tarbe ta da fuskar likita

Karɓi jakarta, tambayi lafiyar jariri. Ba za ta zauna ba, kicin za ta wuce. Bi ta a baya, hannu a aljihu. Za ta tsaya a gaban tukunyar, ta ɗaga ganyen da ɗan yatsa, ta leƙa ƙasansa. Yanzu ne lokacinka.

"Maman yara, ban so in tayar miki da hankali a waya ba. Ina zargin bairos ne."

Za ta juyo ta dube ka. "Bairos?"

"Ya yi yawa bana," za ka ce, kana girgiza kai.

"Ikon Allah," in ji ta. "To Allah ya sa ka lura da wuri."

Ka ji ko? An fara yabonka.

Mataki na biyar: Karɓi killacewa da haƙuri

Mai bairos dole a ware shi daga 'yan'uwansa. Matarka za ta duba gidan kaf, ta ga babu inda ya dace sai teburin falo, daidai gaban talabijin. Ƙwallon yau ta tsakanin ganye za ka kalle ta. Tunda kuma almakashi da hannu ne ke yaɗa cutar, kuma hannunka ya taɓa kowace tukunya, kai za ka gasa almakashi a wutar risho, ka wanke farantan tukwane ɗaya bayan ɗaya, ka goge taga ciki da waje. Kada ka yi ƙorafi. Kai ka gano cutar.

Mataki na shida: Daure

Washegari da safe za ta zo da baƙar leda, ta zauna kusa da kai.

"Na karanta," za ta ce a hankali. "Ba shi da magani. In ana so sauran su tsira, jefar da ita ake yi."

Ka ce a ɗan jira gwaji mana. Za ta ce ai kai ka tuntuɓi masana. Za ta shafa ganyen da ya rage kore, ta ce Mama da auduga take goge shi, tana yi masa hira kamar jika. Sai ta sa tukunyar a leda, ta ɗaure baki, ta miƙo maka.

"Ni ba zan iya ba. Kai ka kai ta bola."

Karɓi. Sauka matakala. Nasara na ƙasa tana jiranka, kwandon shara kawai za ka buɗe. Kada ka ji nauyin ledar. Kada ka kalli farin furen da ya leƙo ta bakin ƙulli. Duk abin da za ka yi, kada ka tsaya.

Mataki na bakwai: To, ka tsaya

Na san za a yi haka. Juya ka hau. Za ka same ta a bakin ƙofa, ta harɗe hannuwa.

"Maman yara, ba bairos ba ne. Rana ce. Ni na fitar da ita baranda."

"Na sani," za ta ce, tana karɓar ledar da hannu biyu. "Tun da na shigo na gani. Saman ganye kaɗai ya ƙone, inda rana ta doka."

"To da na jefar da ita fa?"

"Ina taga ina kallonka. Da ka taɓa murfin kwandon nan, da unguwa ta ga gudun da ban yi ba tun ina makaranta."

Za ta kwance ƙullin, ta gyara wa furen zama, ta ɗora tukunyar a tagarta. "Ita kam za ta rayu, sabon ganye zai fito. Kai ne dai zan ci gaba da lura da alamunka."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba likitan tsirrai ba ne, bai ma taɓa riƙe okid ya kai wata ba. In furenka bairos ne da gaske, ware shi ka nemi gwaji. In kuwa rana ce, babu ruwana da ganyen da ya ƙone, ko ƙwallon da ta wuce ka, ko sunan Likitan Fure da dangin matarka za su laƙaba maka har jikoki su gada. Shawara na bayar, kai ka ɗauki tukunya.