Murucin da Hajiya Ba Ta Tone Ba

"Lahiya lau, angon banza. Ina dabinon da na aike ka?"

Hajiya Mariama ce ke tarbar jikanta Shu'aibu, direban kamiyo, wato babbar motar kaya, wanda ya dawo Madarumfa daga Agadas. Tana zaune a bakin ɗakin da aka rufa masa bara da azarar giginyar marigayi kakansa. Ita da bakinta ta sa aka sare giginyar, kuma har yau in ta dubi wurin sai zuciyarta ta sosu.

Shu'aibu ya dire wani abu a gabanta, tim.

"Ga tsarabarki, amarya."

"Dutse? Kowa na kai ma matarshi dabino, ni ka kawo mani abin jihwa?"

"Da wane haƙori za ki ci dabinon? Duba da kyau. Icce ne, ya daɗe cikin ƙasa har ya koma dutse. Sa'arki ne, tare kunka yi tashe."

"Da tsohuwar zuma aka magani, ɗan nema."

Ta shafa dutsen. Ga zare-zare nan a jikinsa, irin na cikin giginya in an tsaga ta. Sai ta ɗaga ido ta dubi azarar ɗakin.

"Icce ya yi haƙuri har ya zama dutse, ni na kasa haƙuri da giginyar Malam. Da hannunshi ya shuka ta, shekarar da anka kawo ni gidan ga."

"Wa ya aike ki? Ke kinka ce angonki ba ya kwana ƙarƙashin kwano."

"Da na san rago zan ruhwa ma ɗaki, da rumbu na tura ka."

Ta janyo akushi ta buɗe, ga muruci dafaffe.

"Ƙwallayenta na ƙarshe na binne. Jiya na tone."

"Kin kashe uwa, kin dahe ɗiya! Kura ma ta hi ki tausai."

"Ruhe mani baki. Guda na bari bayan rumbu. Ka kewaye shi da ƙaya kada awaki su taɓa."

"Ke yaushe za ki sha inuwarshi? Giginya ba ta gaggawa."

Hajiya ta yi dariya tana share ido da bakin mayafi.

"Inuwar giginya ai na nesa ka sha. Ka kada ni yau, ɗauki murucinka. Dutsen kuwa aje shi kusa da tsiron, ya koya mashi daɗewa."