Doyar Gwantu a Sararin Samaniya

Ba zan taɓa mantawa da tafiyata ta farko ƙasar waje ba, kuma ko da na so in manta, ɗalibaina ba za su bar ni ba.

Ni malamin sakandare ne a Kafanchan, ina koyar da darasin gwamnati. Abokan aikina suna kirana Barista, domin na taɓa fara karatun lauya na watsar tun ban yi nisa ba (amma sunan bai watsar da ni ba, ni ma kuma ban yi wani yunƙurin korarsa ba). Ina da son a ji ni a kan maganar doka. Ko rigimar ɗan acaɓa da fasinja na tarar a bakin kasuwa, sai na tsaya na yanke musu hukuncin da ba wanda ya nema.

Ƙanwata tana aikin jinya a Ingila. Da ta haifi ɗanta na fari, ta aiko mini da tikiti in je in tsaya a madadin marigayi babanmu ranar miƙa yaron a coci. Jirgin zai tashi daga Abuja, in canja wani a Alƙahira. Da na ji haka sai na duƙufa karanta dokokin tafiyar jirgin sama. Na gano akwai wata yarjejeniya ta ƙasashen duniya, ta Montreal, wadda ta ce idan hatsari ya sami fasinja a cikin jirgi har ya ji rauni, alhakin yana wuyan kamfanin. Na haddace abin, na dinga yi wa malamai bita a ofis har suka fara gudu na.

Ana gobe tafiya Mama ta iso daga Gwantu da doya sabuwar haƙa, kowace kamar cinyar ƙato.

"Mama, ai ana sayar da doya a can," in ji ni.

"Wanda ya sha sanyi a kanti? Mai jego ne fa. Ka kai mata na gida, ta ci sakwara ta samu ruwan nono."

Wa zai ja da Mama? Na loda. A filin jirgi na Abuja aka ɗora akwatina a sikeli, ya zarce abin da aka yarda. Na tsuguna a ƙasa gaban jama'a, da kwat ɗina da komai, na kwashe manyan na cusa a jakar hannu. Zif ya ƙi rufuwa, na matsa masa, ya ɓalle. Na laluba na sami guntun robar taya na ɗaure bakin jakar, na ce ai shi ke nan.

A wurin jira na zauna kusa da wani dattijo Bafulatani daga Kagarko, Alhaji Buba, tare da babban ɗansa Sale. Alƙahira za su, za a yi wa Alhaji aikin ido, ɗaya ya riga ya mutu, ɗayan ake son a ceto. Da suka ji daga Kafanchan nake, muka zama 'yan gida. Na gabatar da kaina, har da Baristan, na ce duk abin da ya shige musu duhu a hanya su neme ni.

Kujerata tana can baya. Wurin ajiye kaya na saman kaina ya cika, sai wata ma'aikaciyar jirgi ta karɓi jakata (na ga ta ɗan karkace da nauyin, na ɗauke kai) ta tafi da ita gaba. Ban ma duba inda ta sa ba. Muka tashi, aka kawo abincin rana, na cinye har da abin da ban san sunansa ba, gyangyaɗi ya kwashe ni.

Wani tim! ne ya tashe ni, sai salati. Na miƙe na hango mutane sun taru a gaba. Da na kutsa, sai ga Alhaji Buba dafe da goshi, hularsa a ƙasa, wani ƙulu ya taso daidai saman idon nan mai gani. Na tambaya, aka ce wani ne ya buɗe wurin kaya zai ɗauki abinsa, sai wani abu mai nauyi ya gangaro ya sauka a kan dattijon.

Jama'a, nan ne shaiɗanin Barista ya hau kaina. Na gyara kwat, na ɗaga murya, da Turanci tukuna sannan na fassara wa kaina da Hausa. Na ce wa shugaban ma'aikatan jirgin dokar duniya ta ɗora musu alhakin wannan rauni, ba su da mafita. Na ce wa Sale kada ya yarda a ba su haƙuri da baki. Na ce wa fasinjoji su fito da wayoyinsu su ɗauka, shaida ce (sun kuwa ɗauka, Allah ya saka musu). Da a nan na tsaya da da sauƙi, amma bakina ya riga ya yi zafi.

"Shi kuma mai kayan," na ce, "ba mu yarda ya sha ba. Mutumin da zai ɗora wa bayin Allah ajali a saman kai, marar tunani ne, marar tarbiyya. A nemo shi, muna sauka a miƙa shi ga 'yan sanda!"

Wasu har da tafi. Sai wata mata ta sunkuya ƙarƙashin kujera ta jawo abin da ya faɗo, ta ɗaga sama da hannu biyu.

Doya ce.

Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Amma zuciya ta ce, ai ba kai kaɗai ba ne ɗan Najeriya a jirgin nan. Kuma don tsabar rashin rabo, maimakon in ja bakina in yi shiru, sai na ji ina cewa, "Ku duba fa! Doya! Wane irin mutum ne zai hau jirgi da doya?"

Ban rufe baki ba ma'aikaciyar nan ta sauko da jakar. Robar ta tsinke, sauran doyar sun leƙo. A jikin jakar kuwa ga sunana da manyan baƙaƙe, da KAFANCHAN a ƙasa, rubutun hannuna, wanda na yi da alƙalamin allo don kada ta ɓata. Ta dube ni, ta dubi jakar, ta ce cikin ladabin da ya fi mari zafi, "Yallaɓai, ba kai ka miƙo mini wannan ba?"

Sale ya karanta sunan a fili, sannu a hankali, ya ɗago ya ce, "Barista? Kai ne?"

Wallahi da ƙofar jirgi tana buɗuwa a sama da na fita. Wani daga baya ya fashe da dariya, saura suka bi. Ni ban ji dariyar sosai ba, domin idona yana kan goshin Alhaji. Mutumin da ya taso tun daga Kagarko don ya ceto ido ɗaya, ni ne na jefe shi da doya. Kunya daban, tsoro daban, kuma duka biyun na ji su.

Shugaban ma'aikatan ya ja ni gefe. Ya ce gaskiya na faɗa, kamfani zai ɗauki nauyin raunin. Sai dai akwai gaban karatun da ban kai ba, doka ba ta hana kamfani juyowa kan wanda ya jawo abin ba. Ya ce jami'ai za su tarye mu a ƙasa kamar yadda na buƙata, kuma idan dattijon ya shigar da ƙorafi, in manta da jirgina na biyu. Na koma kujerata ina lissafin abin da zan gaya wa ƙanwata, da abin da zan gaya wa Mama, da yadda zan shiga Kafanchan bayan an raka ni tasha da addu'a.

A Alƙahira aka kai mu wani ɗan ɗaki. Likita ya haska idon Alhaji, ya daddanna goshin, ya ce ƙulu ne kawai, idon bai taɓu ba. Na sauke ajiyar zuciyar da sai da kowa ya waiwayo. Wani jami'i ya tambayi Alhaji ko yana da ƙorafi a kaina, Sale ya fassara. Ni dai na zube ƙasa.

"Baba, ka yi wa Allah ka yafe mini. Ni ne marar tunanin."

Alhaji ya shafa goshi. Sannan ya juyo da idon nan guda ya kafa mini.

"Barista, ni ban yi boko ba, kai ka san doka. Ɗazu ka ce kada mu yarda a ba mu haƙuri da baki. To yanzu dokar taku ta yarda in yafe, ko sai na nemi izini?"

"Ta yarda, Baba. Wallahi ta yarda."

"To, na yafe. Tashi, maƙwabci ba ya kai maƙwabci ƙara a ƙasar mutane. Amma in ka koma ka gaishe da manomin, ka ce masa doyarsa ta ƙosa, ni shaida ne."

Da gudu na sami jirgina, ba doya ko ɗaya a hannu, domin jami'an sun riƙe su. Na tsaya wa ɗan ƙanwata a coci, kuma daga baya Sale ya kira ni ya ce aikin ido ya yi kyau. Hoton bidiyon kuwa ya riga ni isa gida. Ranar da na koma aji, na tarar an zana doya mai fukafukai a allo, ba wanda ya san wanda ya zana, ni ma ban bincika ba.

Har gobe ina son maganar doka, wannan ba ta da magani. Sai dai yanzu duk inda na ji ana cewa a nemo mai laifi, nakan fara tabbatar da cewa ba ni ba ne kafin in taya su nema.