Ranar da Mota Ta Hau Kan Kaka

"…Lafiya ƙalau, Tsoho. Ya ƙugun? Ko har yanzu sai an tara maƙwabta kafin ka miƙe?"

"Ƙugu na nan daram, Falwaya. Sunkuyo mana in ji abin da kike faɗa, muryarki ba ta iso nan ƙasa ba tukuna."

Kaka yana zaune a kan benci a bakin garejin gidansa, ya zuba wa tsohuwar motarsa ido kamar mai jinyar ɗan'uwa. Wadda ta shigo ɗin jikarsa ce ta fari, 'yar babban ɗansa, nas ce a asibiti. Shi ya laƙaba mata Falwaya, wato dogon turken wayar lantarki, tun tana 'yar makaranta, lokacin da ta fara kere shi tsawo. Ita kuwa ba ta taɓa barin maganarsa ta faɗi ƙasa ba ta rama ba.

Yau dai bakinsa ne kawai ke wasa, zuciyar ba daɗi. Direban babbar mota ne da ya ajiye aiki, kuma wannan ƙaramar motar ce kaɗai ƙarfen da ya rage masa. Bai taɓa yarda wani makanike ya sa mata hannu ba. Kwanakin baya ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta don ya ga inda baƙin mai ke ɗiga, sai ƙugunsa ya riƙe. Ya yi ta kira har maƙwabta suka ji, suka zo suka jawo shi ta ƙafa. Likita ya ce shi da kwanciya a ƙasa ko dogon sunkuyo har abada. Babban ɗansa kuma ya yanke hukunci cewa sayar da motar za a yi, har ya samo mai saye, wanda zai zo ƙarshen wata mai kamawa.

"An ce da aka jawo ka sai da aka karkaɗe ka kamar tabarma," in ji Falwaya.

"Ƙarya ake miki. Barcina nake yi, 'yan sa-ido suka tashe ni."

"Barci da ihu?"

"Mafarkinki na yi. Wa zai ga wannan fuskar bai yi ihu ba?"

Ta yi dariya, ta zauna a gefensa, ta zaro waya. "Likita ya ce kada ka shiga ƙarƙashin mota a kwance. Ka ji ya ce kada ka shiga a tsaye?"

"Na san ni ba dogo ba ne, amma rainin nan naki ya yi yawa."

"Duba dai."

A fuskar wayar ga mota a sama tsakanin ginshiƙan ƙarfe biyu, ga mutum tsaye ƙarƙashinta da sifana a hannu. Kaka ya san injin ɗaga mota a manyan gareji, amma bai taɓa kawowa a ransa cewa ana kafa shi a gida ba.

"Mu jikokinka mun haɗa hannu za mu saya maka," in ji ta. "Ba don muna son ka ba, don dai mu huta da gorin cewa kakanmu ne aka ja ta ƙafa."

"Babanki fa?"

"Ya ce in har za ka yi aikin a tsaye cak, ya janye. In ka sunkuya ko kaɗan ne, mota ta tafi."

Kaka ya miƙe, ya gyara hula. "To me kike jira? Ko sai na nemo tsani na hau na gaya miki a kunne?"

Ta auna garejin da tef, tsawo da faɗi da nisan sili, suka tafi a motarta. Shagon kayan gareji ne babba, ƙanshin giris ya cika shi. Kaka ya shaƙa har ƙirji, ya ji kamar ya koma saurayi. Mai shagon ya tare su, ya fara nuna musu wani inji mai ƙafa huɗu da ake hawa da mota kamar gada.

"Wannan shi ne daidai da matsayina," in ji Kaka.

"Tsoho, wannan in ya shiga garejinka, kai da motar sai ku kwana a waje."

"Sai a rushe ɗakin baƙi. Ai ke kaɗai ke zuwa, kuma ba wanda ke gayyatarki."

"Ga dai naka can." Ta nuna wani ƙarami mai buɗewa kamar almakashi. "Ɗan ƙaramin mutum, ɗan ƙaramin inji."

Kaka ya zagaya shi, ya taɓe baki. "An ce miki ni tela ne? Wannan ai cikin motar yake tarewa gaba ɗaya. Ta ina zan ga salansa, bututun hayaƙi? Ta ina zan taɓa giya? Ku a asibitinku haka kuke yi, ku kwantar da mara lafiya a kan ciwon sannan ku ce ya nuna muku?"

Mai shagon ya yi dariya, ya ce tsohon ya yi gaskiya. Mai ƙafa biyu ne ke barin cikin mota a buɗe, hannuwansa gefe kawai suke kamawa. Amma da ya ga awon silin sai fara'arsa ta ragu. Ya ɗauki alli ya ja layi a jikin ginshiƙin.

"Baba, silinku ya yi ƙasa. Iyakar inda cikin motar zai kai ke nan, in ta wuce haka rufinta zai daki sama. Ni dai a nan sai na sunkuya."

Falwaya ta dubi layin. Daidai goshinta yake. Wasan ya gudu daga fuskarta, ta ce a hankali, "Kaka, in sai an sunkuya ai ba mu yi komai ba."

Tunda ta kira shi Kaka, ya san ta karaya. Ya matsa kusa da ginshiƙin kamar mai duba fenti, ya saci kallon layin. Sai da ya ɗaga ido kafin ya gan shi. Layin na sama da hularsa, har da ɗan sarari. Wani daɗi ya taso masa tun daga ciki, amma ya haɗiye abinsa, ya ɗaure fuska. Shekaru yarinyar nan ta yi tana ce masa guntu. Ba zai ɓarar da irin wannan nasara a shagon mutane ba.

"A ɗaure mana shi," ya ce.

"Tsoho, ba ka ji abin da ya ce ba ne? Ko kunnen ma ya riƙe?"

"Na ce a ɗaure. In ya ƙi, sai in shanya kaya a kansa."

Sai dai kafin a kafa inji dole a duba daɓen garejin, domin ginshiƙan a ƙasa ake ɗaure su, kuma duk nauyin motar a kansu yake. Kaka ya bugi ƙirji ya ce da hannunsa ya zuba daɓen nan tun kafin a haifi wasu dogaye, kuma ko tirela aka ɗora masa ba zai yi tari ba. Magini ya zo ya sa injin huda. Bai ko gama danna shi ba bakin ya zarce, jar ƙasa ta biyo shi waje.

Falwaya ta riƙe ciki, ta jingina da bango. "Wannan ne zai ɗauki tirela? Tsoho, siminti ka zuba ko shafa shi ka yi kamar man kai?"

"Tsufa ya yi. Komai in ya tsufa ramewa yake."

"Ai na gani a jikinka."

"Ke da kika zo kina taka shi da ƙafafun nan kamar kwale-kwale, ba dole ya suɗe ba?"

Wannan zagayen dai ta ci, shi ma ya sani. Aka tura motar waje aka lulluɓe ta, aka fasa daɓen, aka haƙa ramuka masu zurfi, aka ɗaura rodi, aka zuba kankare mai kauri. Magini ya ce kada wanda ya kuskura ya kafa komai sai ya yi makonni ya bushe har ciki, kuma a riƙa ba shi ruwa. Kaka ya ɗauki aikin nan da kansa. Kullum da safe yana tsaye da tiyo, yana kallon kankare, yana kallon kwanan wata na matsowa.

"Ya tsiro?" in ji Falwaya duk ranar da ta biyo.

"Saura kaɗan. In ya yi 'ya'ya zan ɗebar miki, ko kya samu abin da ya kai kanki tauri."

Babban ɗansa kuwa ba ya cikin wasan. Sau biyu yana zuwa yana cewa, "Baba, don Allah ka haƙura da motar nan. Ni lafiyarka nake ji." Kaka ya san gaskiya ɗan ke faɗa, shi ya sa bai yi masa faɗa ba. Sai dai ya ce, "Ka dai zo ranar."

Ranar ta zo, mai saye kuma washegari ake sa ransa. Masu haɗa injin suka tayar da ginshiƙan, suka daidaita su da ma'auni, suka ɗaure manyan kusoshi cikin kankaren har sai da sifana ta ƙi motsi. Mai gyaran wuta ya ja waya, aka zuba mai a tankin injin, aka sa sandar da za ta kashe shi in rufin mota ya kusa sili. Aka gwada shi ba komai a kai, ya hau ya sauka lafiya. Sannan aka turo motar. Kaka ya tsaya yana nuna musu da sanda inda za su sa hannuwan injin, don kada su lotsa masa ƙarfe.

"Kawo in danna maka," in ji Falwaya. "Maɓallin ya yi maka nisa."

"Matsa can. Ke allura kika sani."

Ya sa babban yatsa ya danna. Injin ya yi gurnani, tayoyin suka rabu da ƙasa. Motar da ta yi shekara da shekaru tana sa shi rarrafe ta fara tashi a hankali, makullan tsaro na ƙas, ƙas, ƙas, har rufinta ya taɓa sandar, komai ya tsaya. Aka sauke ta kaɗan ta zauna kan makulli. Wani cikin masu aikin ya jijjiga ta da ƙarfi, ko gezau.

Babban ɗan ya dubi tsawon wurin, ya girgiza kai. "Baba, ka gani ko? Nan sai an sunkuya."

"Haka ne," in ji Falwaya, murya ƙasa-ƙasa.

Kaka ya matso gaban motar. Ya miƙa wa ɗansa sandarsa, ya karɓi tocila, ya gyara zaman hula. Ya taka a hankali, ƙirji a gaba, hannu ɗaya a baya, ya shige ƙarƙashin motar a tsaye cak. Ya je har ƙarshe, ya juyo, ya dawo tsakiya, ya tsaya. Ko zaren hularsa bai taɓa ƙarfe ba.

Sai masu aikin suka fashe da dariya suna tafi.

"Ina masu cewa guntu?" Muryarsa ta cika wurin. "Yau ga ranar guntu! Wannan sili da kuke rainawa ni aka auna aka yi shi. Ku dogaye sai ku tsaya daga waje kuna leƙe!"

Ya haska tocila sama. Rabonsa da ganin cikin motarsa tun ranar da aka jawo shi, kuma bai taɓa ganinsa haka a sarari ba, daga gaba har baya, ba ƙasa a ido, ba kwali a gadon baya. Ya bi sawun man da haske har bakin notin da ake zubar da baƙin mai. Wasar notin, 'yar faifan da ke hana man ɗiga, ita ce ta cinye, shi ke nan. Abin da ya kusa raba shi da motarsa bai kai girman zobe ba. Ya ji idonsa na neman kawo ruwa, ya yi maza ya ɗora laifin a kan ƙura.

"Falwaya! Zo ki ga ciwon, tunda ke ce nas."

Ta taho da sauri don murna, ta manta da kanta. Ƙwal! Goshinta ya gaisa da salansa. Ta dafe wurin, ta durƙusa a gabansa tana salati.

"Madalla," in ji Kaka. "Yau dai kin gaishe ni yadda ya kamata. Tun haihuwarki nake jiran ki durƙusa."

"Tsoho, ka san da haka tun a shago!"

"Tun da aka ja layin."

"Ka bar ni ina ta damuwa makonni?"

"Ke kika ce kunnena ya riƙe. To bakin ma ya riƙe."

Babban ɗan ya sunkuyo ya leƙa, ya ga mahaifinsa tsaye kyam yana kwance noti, ba nishi ba dafa ƙugu. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi murmushi, ya zaro waya ya fita, aka jiyo shi yana ba mai saye haƙuri.

Falwaya na nan zaune a ƙasa, goshi ya fara tasowa, dariya ta hana ta tashi. "Shi ke nan, Kaka, na sallama. Ka ci. Daga yau ban ƙara cewa guntu."

"Sai me za ki ce?"

"Mai gareji."

"Ƙara ɗaga murya, masu aiki ba su ji ba."

"Mai gareji, ranka ya daɗe! A taimaka a duba mini tawa motar, birkinta na ƙara."

"Sai ki bi layi, akwai manya a gabanki."

Ya goge hannu da tsumma, ya cire hularsa, ya kifa mata a kai, ya ja ta har ta rufe ƙullutun.

"Riƙe wannan, na ba ki. Kada ki koma asibiti da ƙaho a ce ni na buge ki. Yanzu miƙo mini ƙaramar sifanar can, kuma ki taho da rarrafe."