Zoɓon da Ya Ƙi Jin Kanwa

Zamanin Nasara ne, shekarar da aka sa jikana Illa lakwal, makarantar boko, a Dakoro. Mushe, malaminsu, ya ce ya kawo jiƙon zoɓo zalla. A gaban wani babban baƙo daga Maradi Illa zai jefa kanwa, jan ruwa ya rikiɗe kore.

Ni ba a fitar da abu daga gidana ban duba ba. Na ɗanɗana jiƙon da ya zuba a buta. Lami! Ni da ake aron hannuna ranar suna, wannan ruwan zai je gaban baƙo? Illa na juya baya na dama tsamiya mai kauri na zuba, na ƙara citta da zuma, na toshe butar.

A lakwal Illa ya jefa kanwa, zoɓo na nan ja. Ya ƙara, ko gezau. Mushe ya juye sauran, kumfa ta taso ta wanke wa baƙo takalmi.

Illa ya dawo gida yana huci. "Tsohuwa, mi kika sa?"

"Gyara na yi, mai gidana. Naka ba ya shawuwa."

"Wa ya ce maki sha za a yi?"

Har yau, duk yaron da ya faɗi jarrabawa a unguwarmu, sai uwarsa ta leƙo ta darni: "Kaka, ko ke kika gyara mashi?"